Takardun Yeats: me ya sa laburare ke zuba maƙudan kuɗi kan waƙoƙin da kowa zai iya karantawa kyauta?

A ƙarshen watan Satumban 2017 kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Landan ya baje kayan gidan su William Butler Yeats, sha'irin Ayalan ɗin nan da ya ci kyautar Nobel a 1923. Kaya ne sama da 200, akwai wasiƙu, akwai zane-zane, akwai teburin rubutu, har da tarkacen cikin gida. Tun kafin a fara kiran farashi ƙura ta tashi a Dublin, babban birnin Ayalan, marubuta da malaman jami'a suka yi ta rubutu a jaridu wai ya za a yi gwamnati ta zuba ido a kwashe tarihin ƙasa a kai waje, ita kuma gwamnati ta ce ai ba hannu ta naɗe ba, ta ware yuro 650,000 don babban laburaren ƙasa da gidan tarihi na ƙasa su zaɓi abin da ya fi muhimmanci su saya kafin ranar gwanjon.

To a nan ne mutane da yawa kansu ya ɗaure. Yeats ya rasu tun Janairun 1939, haƙƙin mallakar waƙoƙinsa a Turai ya ƙare a ƙarshen 2009 tunda shekara 70 ce doka ta yanke bayan mutuwar marubuci, yanzu duk mai waya da data zai iya karanta su ba tare da ya biya ko sisi ba. To mene ne kuma ake saye? Kuma wa ya fi cancanta ya ajiye shi?

Kalmomin da ake cakuɗawa

Idan ma'aikacin laburare ya ce littafi mai wuyar samu ne, ba tsufa yake nufi ba. Akwai littattafai masu shekara 200 da ko kyauta aka ba laburare ba za ta karɓa ba saboda an buga dubbai kuma suna ko'ina. Abin da ake dubawa shi ne kwafi nawa aka buga, nawa suka rage, a wane hali suke, sannan hannun wa da wa suka bi.

Bugun farko shi ne fitowar littafi ta farko daga maɗaba'a. Na Yeats da aka fi nema shi ne Mosada na 1886, ɗan siririn littafi ne mai bangon takarda da aka buga a Dublin yana ɗan shekara 21, kimanin kwafi 100, da hoton fuskarsa a gaba wanda babansa John Butler Yeats ya zana. A lokacin ba wanda ya san yaron, don haka ba wanda ya damu da adanawa, shi ya sa ƙalilan ne suka kawo yau.

Sai bugun da tun asali aka ƙayyade adadinsa. 'Yan uwansa mata biyu, Elizabeth da Lily, suna cikin waɗanda suka kafa Dun Emer, wata cibiyar sana'o'in hannu mai maɗaba'a, a 1902, daga baya a 1908 suka ware suka buɗe tasu mai suna Cuala, kuma Elizabeth ce ke riƙe da ɓangaren ɗab'i. Injin hannu suke amfani da shi, mata ne ma'aikatan, takardar ma a Ayalan ake yin ta a wani wuri da ake kira Saggart. Littafin farko da suka buga, In the Seven Woods na Yeats, ya fito a 1903, kwafi 325 kacal. Wanda ya fi wannan ƙaranci shi ne waƙar Easter, 1916 wadda ya rubuta bayan boren da aka yi wa mulkin Ingila a Dublin a Afrilun 1916 da kisan da aka yi wa jagororinsa. Kwafi 25 wani ɗan jarida a Landan mai suna Clement Shorter ya buga don a raba wa abokai kawai, jama'a ba su gan ta a jarida ba sai a 1920, lokacin yaƙin neman 'yanci ya riga ya yi zafi. Kenan shi kansa adadin 25 ɗin labari ne, yana nuna mutumin ya rubuta abu amma yana ɗari-ɗarin sakinsa.

Akwai kuma kwafin da marubuci ya sa wa hannu ya ba wani, ko wanda ya yi gyara a gefen shafinsa da alƙalami. Irin wannan ko da bugun ba mai wuya ba ne ya zama guda ɗaya tilo a duniya.

Na ƙarshe, rubutun hannu, wato daftarin waƙa, wasiƙu, littafin ajiye tunani, da shafukan gwaji da maɗaba'a ke aiko wa marubuci ya duba kafin a buga. Waɗannan ba littattafai ba ne ma, kuma yawanci sashe daban ke kula da su a laburare, amma a bakin jama'a duk an haɗa su a kwando ɗaya, kuma galibin kuɗin da ake ji ana ambata a kansu ake kashewa.

Abin da takarda ke nunawa wanda waya ba ta nunawa

Yeats mutum ne mai yawan gyara. Ba ya barin waƙa ta huta, ko bayan an buga ta sai ya dawo bayan shekara 20 ko 30 ya sake mata fasali. The Sorrow of Love da ta fito a farkon shekarun 1890 ya sake ta sosai a 1925, har masu nazari ke gardama kan wacce ta fi. Gyare-gyaren sun yi yawan da a 1957 sai da aka fitar da aikin masana biyu, Peter Allt da Russell Alspach, ƙaton littafi guda da ke jera kowane canji a ƙarƙashin kowace waƙa, kuma ba yadda za a yi wannan aiki in ba a tara bugu daban-daban a gaba ana kwatanta su layi-layi ba. To wanda ya buɗe waƙa a waya, ɗaya daga cikin sigoginta yake gani, kuma sau da yawa shafin ba ya faɗa masa wacce ce.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu a Najeriya shi ne The Second Coming, waƙar da Chinua Achebe ya ciro sunan Things Fall Apart daga cikinta a 1958. Yeats ya rubuta ta a farkon 1919, an gama yaƙin duniya na ɗaya, an yi juyin juya hali a Rasha, Ayalan kuma tana shirin kamawa da wuta. Wanda ya duba daftarin farko zai ga rubutu ne mai wuyar karantawa, karce a kan karce, kuma a ciki akwai sunaye, ya ambaci Marie Antoinette sarauniyar Faransa da aka kashe, ya ambaci Burke da Pitt 'yan siyasar Birtaniya, ya ambaci Jamusawa da Rasha. A waƙar da aka buga a 1920 babu ko ɗaya daga cikinsu, duk ya soke. Da ya bar su, da waƙa ce kan siyasar Turai ta wani lokaci, amma da ya cire sai ta zama rigar da za ta shiga wuyan kowa, har wani matashi ɗan ƙabilar Ibo ya ga labarin rugujewar garinsu a cikinta bayan kusan shekara 40. Wannan sokewar ba za ka gan ta a littafin aji ba, sai a kan ita takardar.

Akwai ma rigimar da ta fi wannan tsawo, kan yadda ya kamata a jera waƙoƙin nasa gaba ɗaya. A 1983 Richard Finneran ya fitar da sabon bugu bisa tsarin littafin 1933 wanda Yeats ya gani da idonsa, wasu masana a Birtaniya suka ce a'a, tsarin bugun 1949 da aka yi bayan mutuwarsa da hannun matarsa shi ne ainihin abin da ya so. Duk ɓangarorin biyu da wasiƙu da shafukan gwaji suke kafa hujja, wato da kayan da ke kwance a laburare.

Yadda kayan suka warwatse

Kaso mafi girma yana Dublin, a babban laburaren ƙasa da ke titin Kildare, wanda aka kafa a 1877. Ba sayensu aka yi ba, kyauta ce. Matarsa George Yeats ta fara miƙa takardu a 1959, bayan rasuwarta a 1968 'ya'yansu Anne da Michael suka ci gaba da riƙon abin da ya rage, aka yi ta bayarwa kashi-kashi har zuwa 2002 lokacin da littattafan da shi Yeats ɗin yake karantawa a gida suka shiga laburaren. Daga wannan tarin ne aka buɗe baje kolin rayuwarsa a 2006, shiga kyauta. Takardun maɗaba'ar Cuala kuma suna Kwalejin Trinity, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga nan.

Amma tun yana raye wasu kayan suka fara tsallaka teku. John Quinn, wani lauya mai kuɗi a New York ɗan asalin Ayalan, yana sayen rubutun hannun marubutan Ayalan, yana shirya musu tafiyar lacca a Amurka, har yakan buga 'yan kwafi kaɗan na aikin Yeats a can don kare masa haƙƙin mallaka daga masu satar bugu. Ga marubucin da ba shi da albashi wannan kuɗin abinci ne, ba cin amanar ƙasa ba. Quinn ya yi gwanjon laburarensa a 1923 zuwa 1924, kayan suka bazu hannun masu tara littattafai.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai jami'o'in Amurka suka shigo kasuwar da aljihu mai nauyi. Jami'ar Texas da ke Austin, Jami'ar Emory da ke Atlanta, laburaren Burns na Kwalejin Boston, da laburaren jama'a na New York inda takardun Lady Gregory suke, matar da ta riƙe Yeats shekara da shekaru kuma suka kafa gidan wasan kwaikwayo na Abbey tare. Dalilan a fili suke, Amurka na da miliyoyin 'yan asalin Ayalan da ke son ba da gudunmawa, jami'o'in na gasar jawo manyan malamai, kuma tarin takardu irin wannan shi ke kawo ɗaliban digirin digirgir. Wani lokacin ma ba jami'ar ce ta saya ba, wani farfesa ne ko tsohon ɗalibi ya share shekara 40 yana tsintar bugun farko ɗaya bayan ɗaya, da ya tsufa sai ya miƙa wa makarantarsa, shi ya sa za ka ji laburare a wani gari da Yeats bai taɓa kwana ba tana da shelf guda na littattafansa masu wuyar samu.

Kyautar da ba kyauta zalla ba

Wani abin da ya ƙara rikita mutane a 2017 shi ne kalmar kyauta. A dokar harajin Ayalan ta 1997 akwai sashe na 1003, wanda ya ce idan mutum ya ba wata cibiyar ƙasa kayan tarihi mai muhimmanci, za a rage masa haraji daidai da kashi 80 cikin 100 na ƙimar kayan a kasuwa, da sharaɗin ƙimar ta kai yuro 150,000 kuma wani kwamiti ya amince. Ta wannan hanyar lambar Nobel ta Yeats ta shiga laburaren ƙasa a 2016, an ƙiyasta ta a kan yuro miliyan 1.5. Kenan gwamnati ba ta fitar da tsabar kuɗi ba amma ta yafe kuɗin da da zai shigo mata, a ƙarshe dai aljihun jama'a ne. A farkon 2017 kuma laburaren ta sayi wasiƙu sama da 500 da suka gudana tsakanin Yeats da matarsa a kan yuro 725,000.

Akwai dokar neman lasisi kafin a fitar da tsofaffin takardu daga ƙasar, amma lasisi ba ya mayar da kayan mutum na gwamnati. Gado ne, magada ke da shi, in gwamnati na so sai ta biya.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu son a riƙe komai a gida hujjarsu ita ce tarin takardu kamar jiki ɗaya ne, wasiƙar da ke Atlanta amsarta na Dublin, in aka raba su ma'ana ta ragu. Suna kuma cewa Yeats ba marubuci kawai ba ne, yana cikin waɗanda suka gina tunanin ƙasar, ya yi sanata daga 1922 zuwa 1928, shi ya jagoranci kwamitin da ya zaɓi zanen sulallan sabuwar ƙasar, kuma Ayalan na cin kuɗin masu yawon buɗe ido da sunansa, musamman a Sligo inda aka mayar da gawarsa a 1948 daga Faransa. Babban tsoronsu ma ba jami'ar Amurka ba ce, attajirin da zai saya ya kulle a gida ne, inda ba mai bincike da zai sake gani sai in magadansa sun fito da shi.

Masu kare iyalin suna cewa a yi adalci, gidan nan ya kwashe shekara sama da 40 yana bayar da abin da da an kai kasuwa da miliyoyi ne, kuma kafin gwanjon an ba cibiyoyin ƙasa damar su fara zaɓa. Ba za a ce jikoki su zama masu gadin gidan tarihi kyauta har abada ba, ga kuɗin inshora ga haɗarin gobara da ɓarayi.

Su kuma laburarorin Amurka nasu bayanin shi ne muhimmin abu a adana kaya kuma a bari a gani, ba wai a wace ƙasa yake ba. Suna da ɗakunan da ake daidaita sanyi da laima, suna da ma'aikatan da za su rubuta bayanin kowace takarda cikin kundi, wasunsu ma suna ba masu bincike tallafin tafiya. Kuma maganar gaskiya bayan durƙushewar tattalin arzikin 2008 an zaftare kasafin cibiyoyin al'adu a Ayalan sosai, laburaren ƙasar ta sha kukan ƙarancin ma'aikata da tsohon ginin ajiya da ke buƙatar gyara. Masu sukarsu na mayar da martani cewa ɗalibin Galway ko Cork a Ayalan ba shi da kuɗin jirgi zuwa Texas, kuma abin da ake kira buɗe wa kowa a aikace buɗe wa mai biza ne.

Akwai ɓangare na huɗu da ba a cika jin muryarsa ba, masu cewa yuro dubu ɗari bakwai kan wasiƙun mamaci da an ba marubuta masu rai ko laburarorin unguwa da ya fi amfani. Amsar da ake ba su ita ce kuɗin sayen kayan tarihi sau ɗaya ake kashewa kuma damar in ta wuce ta wuce. Amma ita ma kasuwar ba kullum take bin yadda ake tsoro ba, a gwanjon 2017 ɗin wasiƙu sama da 130 da Yeats ya rubuta wa aminiyarsa marubuciya Olivia Shakespear, waɗanda aka yi tsammanin su ne za su fi tsada, ba su samu mai saye ba a ranar.

Yadda Heaney ya raba gardama

Seamus Heaney, shi ma sha'irin Ayalan wanda ya ci Nobel a 1995 ya rasu a 2013, ya ga duk wannan yana raye, sai ya raba nasa gida biyu. A 2003 wasiƙunsa suka tafi Jami'ar Emory inda dama yana da daɗaɗɗiyar alaƙa, sannan a Disamban 2011 ya miƙa daftarin waƙoƙinsa da littattafan rubutunsa ga laburaren ƙasa a Dublin, shi da kansa ya kawo kwalayen a mota. Daga cikinsu aka shirya baje kolin da aka buɗe a College Green da ke tsakiyar Dublin a 2018. Wasu na ganin wannan ne tsari mafi dacewa, marubuci ya yanke hukunci da kansa kada ya bar wa magada ciwon kai, wasu kuma na cewa ai rabuwar da ake kuka da ita ce dai, kawai da sa hannun mai kaya.

Me wannan ke nufi ga mai karatu na yau da kullum

Ga wanda kawai yake son karanta waƙa, kusan ba abin da ya canza, tana nan kyauta. Inda abin ke taɓa shi a kaikaice ne, domin littafin da ake koyarwa da shi a aji, da bayanan ƙasan shafi, da ranar da aka ce an rubuta waƙa, duk daga aikin waɗanda suka zauna da waɗannan takardu suka fito. In takarda ta ɓace cikin gidan wani, kuskuren da ke cikin bugu na iya zama shekaru ba mai gyarawa.

Ga mai biyan haraji a Ayalan, shi ke ɗaukar nauyi ta hanya biyu, saye kai tsaye da rangwamen sashe na 1003, sannan ga kuɗin adanawa da ba ya ƙarewa, kwalaye marasa sinadarin da ke cin takarda, wutar na'urar sanyi dare da rana, da albashin masu gyaran shafin da ya yage. Abin da yake samu shi ne shiga kyauta, katin mai karatu na laburaren ƙasa ba a biyan kuɗinsa, sai dai akwai ƙa'idoji, jaka a bar ta a loka, biro ba ya shiga sai fensir, littafi a ɗora shi kan matashin soso kada ƙashin bayansa ya karye. Safar hannu fara da ake gani a talabijin ma yawancin laburarori sun daina sa wa masu taɓa takarda, sun fi son hannu wankakke busasshe saboda safa na rage jin yatsa har a yaga shafi.

Ɗaukar hoto a ɗora a intanet ya rage zafin rigimar amma bai kashe ta ba. Tun shekarun 1970 aka ɗauki takardun Yeats a maikurofim, wato ƙananan hotuna a kan fim, aka ajiye kwafi a Jami'ar Stony Brook da ke New York don masu bincike na Amurka, yanzu kuma sikanin ake yi. Sai dai aikin na da tsada kuma a hankali yake tafiya, sannan wasiƙar da wani ya rubuto wa Yeats haƙƙinta na magadan wancan ne, mallakar takarda daban mallakar kalmomin da ke kanta daban, don haka laburare na iya riƙe abu a hannu amma ba ta da ikon ɗora shi kowa ya gani. Na Heaney kuwa haƙƙin yana hannun iyalinsa da kamfanin da ke buga shi har zuwa ƙarshen 2083 in dokar shekara 70 ba ta canza ba, don haka ɗalibin da ke Zariya ko Yamai da ke son ganin daftarin waƙarsa gaba ɗaya, a yanzu dai sai ya nemi izini ko ya nemi hanyar Dublin.